Shekarar da Na Kasa Daka

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauka sau biyu kamar da gaske, kowa ya ɗauki sungumi, gero ya tsiro ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta washe ta bar mu da kallo. Mako na uku ke nan. Ganye ya fara naɗewa, in ka taka gona da azahar ƙasar har cizon tafin ƙafa take yi.

Shekaranjiya samarin garin nan suka yi mini sallama, su huɗu, da riguna iri ɗaya. Wai sun kafa gidauniya ta taimakon marasa ƙarfi, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Na auna musu dawa na sa musu albarka, don yaran da zuciya ɗaya suke yi. Sai shugabansu ya ce, "Hajiya, in mun tashi rabo za mu ɗauki hoton kowa da buhunsa a hannu, mu sa a waya, masu bayarwa su gani su ƙara." Dariya ta ƙwace mini har sai da na dafa ƙofa. Ba su nake yi wa ba. Surukina na tuna, Allah ya jiƙansa, na ƙiyasta shi tsaye da buhun sadaka a ƙirji ana ce masa ya yi murmushi.

Mu ma muna da tamu gidauniyar tun ba a san sunan ba. Tukunyar Juma'a muke ce mata. Kowace mace, in maigida ya fitar da awon ranar, kafin ta zuba a turmi sai ta damƙi hannu guda ta jefa a wata 'yar tukunya bayan ƙofa. Ranar Juma'a da hantsi Goggo Dije ta bi gida-gida da masakinta ta kwashe. Goggo Dije tsohuwar ungozoma ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma rabin garin ita ta yanke musu cibiya, saboda haka ba wanda take jin nauyinsa. A ɗakinta take tarawa cikin manyan randuna, ta barbaɗe da toka saboda ƙwari. Daga nan ake sayen igiyar guga in ta rijiyar gari ta tsinke, da tabarmin makarantar allo, da kunun mai jegon da mijinta ba shi da hali. A shekarun ƙoshi maza dariya suke yi wa abin. Surukina da kansa ya taɓa cewa abin da matan garin nan ke tarawa a wata, zakaransa zai cinye kafin ya yi cara.

Yana da bakin faɗar haka. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yau ba. Mu Baba muke ce masa, gari kuwa Mai Rumbu Bakwai. Rumbunan a jere suke bayan gida, duk wanda ya biyo hanyar Ɗambatta sai ya gan su kafin ya ga masallaci. Mutum ne mai kyauta, amma kyauta irin ta wanda bai taɓa tsayawa a ɗaya gefen ba. Hannunsa ya san miƙawa, bai san karɓa ba.

A gidan nan aka kawo ni amarya, a tsakiyar shekarun fari, lokacin ba a daɗe da daina lissafi da sule da fam ba. Damina biyu kafin zuwana ba a samu abin kirki ba, gyaɗa ta ƙi, rumbunan suna ta ramewa daga ciki ba wanda ya sani. Tawa daminar ta farko ita ta ƙarasa su. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ta ƙone. Ya sake yayyafawa, aka sake shuka, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Zafin da aka yi ban ƙara ganin irinsa ba. Ruwan randa kamar an ɗora shi a murhu. Jakai suka daina kuka. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, iska ta taso ta kaɗa shi ya wuce ya je ya zubar wa wasu.

Ranar da maigidana ya shiga rumbu na bakwai, ya daɗe a ciki muna jin yana shara. Ya fito da rabin ƙwarya da mushen ɓera. Inna, wato uwar mijina, ta dubi ɓeran ta ce, "Shi ma bawan Allah yunwa ce." Kwana biyu bayan haka maigidana ya bi motar Kano neman aikin lebura. Abin da ya rage a gidan gaba ɗaya dami guda ne na gero, zaɓaɓɓun zangarniya, rataye a rufin ɗakin Baba. Shi ne irin shuka ta uku. In aka ci shi, ko ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya babu abin da za a sa a ƙasa.

Me Baba ya yi? Ya sa aka yi wa rumbunan nan bakwai sabuwar jinka. Wallahi. Ya tsaya a bakin hanya yana ba da umarni da ƙarfi, wai kada ruwa ya taɓa masa hatsi. Sannan ya shigo ya ce da Inna, ni ina bayan ƙyaure ina ji, "Duk wanda ya fitar da maganar gidan nan waje, ya bi ta." Ranar Juma'a kuma ya ce a ba Goggo Dije hannu biyu maimakon ɗaya. Daga rabin ƙwaryar nan aka damƙa, ina kallo, cikina yana ƙugi.

Matsalar ita ce kunnen Goggo Dije. A garinmu gidaje a manne suke, gona ta kare a gindin dangar wani, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai fara yi maka addu'a. Kuma kowa ya san Goggo tana gane gidan da hatsi ya ƙare daga ƙarar turmi. An ce turmi mai hatsi daban yake amsawa, wanda ba komai daban, gidan da ya yi shiru kuwa ba sai an faɗa ba. In ta bi lungu da sandarta sai ka ga ta tsaya jikin danga ta karkata kai. Mata har rage numfashi suke yi.

Sai Inna ta fito da dabara. Ta ɗebo ƙaiƙayi, ta haɗa da yashi mai ɗan laima, ta zuba a turmi, ta miƙo mini taɓarya. "Daka, Amarya. Ki daka kamar ana biki."

Na daka. Kullum da hantsi da kuma bayan azahar ina dakan yashi, har da jefa taɓarya sama ina tafi. Inna tana gefe da faifai tana bakacen iska. In an gama ta hura wuta da kara, ta ɗora tukunya, hayaƙi ya tashi kowa ya gani. Abin da ke cikin tukunyar tafasa ce da yaɗiya, wani lokacin da 'yar dusa a kaɗa ta yi kauri. Ɗacin tafasa marar ƙuli har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Muna da kaza guda da ta rage ba a sayar ba, wata wake-wake. Ranar farko da ta ji turmi ta sheƙo da gudu, ta sa baki sau ɗaya, ta ɗago ta dube ni da ido guda, ta juya ta fice ta ɓular danga. Daga ranar sai magariba muke ganinta. Inna ta ce ta zama 'yar yawon banza.

Abin da ya fi ba ni mamaki, shekarar nan da ba hatsi, ban taɓa jin garinmu ya cika da ƙarar daka kamar ta ba. Ta ko'ina lugude. Baƙo in ya shigo sai ya rantse kaka ake yi.

Ni kuwa ina da shigar ciki, na fari, wata uku, kunya ta hana ni faɗa. Wata Laraba ina tsakiyar daka na ga turmin ya zama biyu, sai farkawa na yi na ji Inna tana shafa mini ruwa a fuska. Ta dube ni ta dube ni, ta kama hannuna ta juya, ta ce, "Tun yaushe?" Na rufe fuska. Ta tashi ta shiga ɗakin Baba, kuma ranar ce kaɗai na taɓa jin muryarta ta hau tasa.

"Malam, a sauko da damin nan."

"Iri ne."

"Ita ma yarinyar iri ne a jikinta. Wanne za ka shuka?"

Can ya ce, "A bari a sauko daga masallaci jibi. In Allah bai kawo ruwa ba, a sauke." Da ya fito ya wuce ni bai dube ni ba, amma na ga yadda yake tafiya. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don randunan Goggo Dije ba su fi taku ɗari daga ƙofarmu ba, kuma har da hatsinmu a ciki.

Ranar Juma'a da sassafe sai ga Goggo, ba da masakin karɓa ba, da wani cike da gero a ka. Ita da Baba abokan wasa ne, ɗan kawunta ne, don haka tun daga zaure ta fara.

"Mai Bakwai, kana nan kana gadin dukiya? Matsa in wuce. Ba wurinka na zo ba."

Ta dire masakin a gaban Inna. Wai gumba za a yi ta sadakar roƙon ruwa a kai wa malamai, bayanta kuma ya ƙi. "Na ji amaryar gidan nan ta fi kowa hannu. Tun daga ɗakina nake jin ta. A surfa, a daka mini lukui, zan dawo kafin a tafi masallaci."

Ƙanshin geron nan da na zuba masa ruwan surfe sai da ya sa ni hawaye. Na daure, ko tsaba ɗaya ban kai baki ba, kayan sadaka ne. Na zage na yi dakan da uwata ta koya mini, na tankaɗe, na rufe da faifai. Har ina jin daɗi za a yabe ni.

Goggo ta dawo ta ɗebi garin ta watsa a baki. Ta tauna sau ɗaya. Ni kaina daga inda nake na ji ƙaras.

"La'ilaha illallahu! Yashi!" Ta tofar, ta ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji. "Mai Bakwai! Fito ka ga abin da surukarka ta yi mini! Gini na ce a yi ko gumba? Haƙorana uku suka rage, so take ta ƙarasa su?"

Gaskiyarta ne kuwa. Turmin da ya yi makonni yana cin yashi, duk tsagunsa sun cika, ni kuma ɗauraya ɗaya na yi masa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya leƙo daga zaure, fuska a murtuke, ya ce, "Dije, ya isa. Za a buɗe rumbu a biya ki."

Inna ta runtse ido. Wane rumbun?

Goggo ta ce, "Ka biya wa? Hatsin da aka yi wa niyyar sadaka ana musanya shi ne kamar zane a kasuwa? Ni ba zan kai wa malamai ƙasa ba, zubarwa kuma alhaki ne. Ku da kuka ɓata shi ku za ku cinye shi, da yashin da komai. Har kai. In na ji an ba akuya, sai na tara maka gari."

Baba ya shafa gemu. Sannan ya ce, da muryar wanda alƙali ya yanke wa hukunci, "To, tunda laifin gidana ne." Ya juya wajen da nake, ya yi magana da bango, "Yarinyar nan ta riƙa kula."

Ranar muka sha kunu mai kauri, muna tauna yashi muna hamdala. Aka sauko daga masallaci ba ruwa, amma ba wanda ya tayar da zancen dami.

Bayan kwana uku ta sake dawowa da wani masakin. Wai ba za ta bar 'yar mutane ta tsufa da jahilci ba, sai ta koya. Wannan karon na wanke turmin sau uku, na goge da soso, na kife shi a rana. Goggo ta ɗanɗana ta ce tsaki ya yi yawa, ko kaji za ta ba? Na gaba na daka shi kamar kwalli, ta ce ya yi laushi da yawa, ba ya riƙe ruwa. Na gaba ta sunsuna ta ce warin daddawa yake, mu da rabonmu da daddawa tun bazara. Akwai ranar da ta rasa abin faɗa, ta juya garin ta juya, ta ce daga gani da ɓacin rai aka daka shi, sadaka kuma ba ta son ɓacin rai. Kowane karo a tsakar gida take tsayawa ta yi shela, ta kaɗa zane ta fita ta bar mana masakin.

Sunana ya gama gari. Mai Yashi. 'Yan mata a bakin rijiya in sun hango ni sai su fara tauna iska suna riƙe haƙori. Labari ya kai garinmu, uwata ta aiko ƙanwarta takanas ta tambaye ni ko aljanu ne suka taɓa mini hannu, don ita dai ta san abin da ta koyar. Na tsani Goggo Dije tsana mai tsanani. Ina cin tuwon geronta ina yi mata mugun fata a zuci. Yarinta ce, ga ciki, ga zuciya, ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai hatsi take ta kawo shi inda ake ɓata mata ba.

Ruwan ya zo wata Talata da rana tsaka, ba hadarin kirki ma, sai iska mai sanyi da ƙanshin ƙasa, sannan ya ɓarke. Ya kwana ya wuni. Baba ya hau turmin nan nawa da kansa ya sauko da damin, ya rungume shi kamar jariri. Maigidana ya dawo daga Kano da 'yar dawa a buhu, aka fita shuka gaba ɗaya, maza suna sara da sungumi, mu muna bi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Laka tana shiga tsakanin yatsun ƙafata, ruwa yana bin bayana, ina jin abin cikina yana motsi. Goggo ba ta fasa kawo masakinta da faɗanta ba har sai da gero ya yi tumu.

Ranar da aka gasa tumun farko Inna ta aike ni in kai mata. Na tafi ina cika ina batsewa, na shirya maganganun da zan faɗa mata in ta sake taɓa ni. Na same ta zaune ta ba ƙofa baya. Na yi sallama, shiru. Na sake da ƙarfi, shiru. Na uku har maƙwabta suka amsa, ita ko gezau. Sai da inuwata ta faɗa kanta ta juyo.

Na tsuguna na ce, "Goggo, ashe ba kya ji?"

Ta kalli bakina ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan. Kunnen nan ya fi shekara biyar da yin ritaya."

"To ƙarar turmi fa? Aka ce da ita kike ganewa."

Ta yi dariya har tana tari. "Ku dai kuke faɗa, ni kuma na bar ku. Duk garin nan yashi ake daka, har da gidan liman. Ni kaji nake kallo ta ɓular danga. Inda ake dakan gaske kaji ba sa barin gindin turmi. Kaza ba ta san kunya ba. Taku wake-waken nan kwana tara tana wuni a ƙofar ɗakina, na ce to, rumbu bakwai sun zama ganguna."

A nan ta faɗa mini sauran. Wani gidan toka take saye a wurinsu tana biya da gero, har tokar ta cika mata bayan ɗaki. Wata matar kuma Goggo ta ɗauke ta aikin cire mata ƙwarƙwata, alhali kan Goggon ba gashin kirki. "Kowane gida da ƙofar da ake shigarsa. Na Mai Bakwai ba shi da ƙofa sai ke. In na ba shi, zai mutu bai karɓa ba. In na hukunta shi, zai cinye. Na san na ɓata miki suna. Ki yafe mini, suna yana warkewa."

Na zauna ina ɓare mata tumun ina kuka, ita kuma tana cewa ko ɓarar tumu ban iya ba.

Da kaka ta yi, ba a cika rumbu bakwai ba, biyu da rabi aka samu. Damin farko Baba bai bari kowa ya taɓa ba. Ya ɗora a kansa, dattijo da shi, ya ratsa tsakiyar gari har ƙofar Goggo, yana faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa diyyar ɓarnar da surukarsa ta yi ce. Ya yi sawu bakwai. Tun daga shekarar maza suka fara kai nasu damin, har aka gina wa tukunyar Juma'a rumbunta.

Na ɗauka bai taɓa ganewa ba. Sai wata safiya, cikina ya tsufa, ina surfen sabon gero, wake-wake da 'ya'yanta sun kewaye turmin. Baba ya zo wucewa da butarsa. Ya tsaya a bayana, abin da bai taɓa yi ba. Bai dube ni ba, kajin yake kallo. Ya ce a hankali, "Dakan nan ya yi." Ya ɗan taka, ya sake tsayawa. "Tun na biyun da kika yi wa Dije ma ya yi. Allah ya yi miki albarka."

Suna dai bai warke ba, Goggo ta yi kuskure a nan. Ɗan da na haifa a shekarar yau yana da furfura, jikokina kuma Hajiya Mai Yashi suke ce mini, ba su san dalili ba. Tukunyar tana hannuna yanzu. Turmi ya yi shiru a garin, kaji suna keji, don haka da hantsi nakan ɗauki kujerata in zauna kusa da injin niƙa, wai ina shan inuwa. Robar kowane gida na san ta. Akwai wata shuɗiya mai fasasshen baki da yau kwana shida ban gan ta a layi ba, ta gidan wani malamin makaranta ce mai guga har a hula, wanda da hannunsa ya ba samarin nan gudummawa.

Jiya na kai wa matarsa wake da garin rogo, na ce ta yi mini garin ɗanwake na sadaka, ni bayana ya ƙi. Yarinya mai tsafta, ta yi shi tsaf, ba abin kushewa. Na sunsuna na ce warin kalanzir yake, su cinye abinsu. Ta yi kuka sosai. Na ce ta share hawaye ta shirya, jibi zan kawo wani.